Yadda za ka gane dokar hayaƙin jirgin sama da ke cikin kuɗin tikitinka

Kafin ka biya kuɗin tikiti fara duba inda jirgin zai tashi da inda zai sauka, don a nan ake gane dokar da ta hau kansa. In tafiyar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ce, tun 2012 jirage suna cikin kasuwar izinin hayaƙi, duk tan ɗin iskar kabon (CO2) da kamfanin jirgi ya fitar sai ya nuna izini a kansa, a da ana ba su wani kaso kyauta amma an yi ta rage kyautar da nufin ta ƙare a 2026, kuma ka san kamfani ba ya cin asara, kan fasinja yake juye ta.

In kuwa doguwar tafiya ce daga wata ƙasa zuwa wata, yawanci tsarin CORSIA ne, wanda ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, ta amince da shi a 2016. Shiga ganin dama ne har 2026, daga 2027 dole ne ga ƙasashen da suka fi yawan zirga-zirgar jirage. To amma fa kar a ruɗe ka, CORSIA bai ce a rage shan mai ba, cewa ya yi in hayaƙin ya haura kashi 85 cikin ɗari na abin da aka fitar a 2019 sai kamfanoni su biya diyyar rarar, su sayi takardun wani aikin kare daji ko makamancinsa. Man da za a ƙona dai sai an ƙona.

Sai lissafi, kuma ba wuya. Kilo ɗaya na man jirgi in ya ƙone yana fitar da kusan kilo 3.16 na kabon, shi kenan, hayaƙi da mai tafiyarsu ɗaya. ICAO na da kalkuleta kyauta a intanet, ka sa filin tashi da na sauka ya ba ka kasonka, Google Flights ma yana nuna kiyasi kusa da kowane jirgi.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne sabon man da ake kira SAF, wanda galibi daga tsohon man suya da kitsen dabbobi ake haɗa shi. Dokar Turai ta ce a gauraya shi da man da aka saba, kashi 2 cikin ɗari a 2025, kashi 6 a 2030, har kashi 70 a 2050. Yana rage kabon in an lissafa tun daga haɗa shi, gaskiya ne, amma injin jirgi kusan makamashi ɗaya yake sha, kuma kuɗinsa ya ninka na man da aka saba, ga wani nau'insa da ake haɗawa da lantarki wanda ke cin wuta ba kaɗan ba. Abin da ya burge ni a dokar shi ne ta hana dabarar cika tanki a inda mai ke arha a yi ta yawo da nauyinsa, dole kamfani ya sha aƙalla kashi 90 na man da yake buƙata a filayen Turan da yake tashi daga cikinsu. Wannan kam rage ɓarna ne na zahiri.

Kai kuma naka, zaɓi jirgin da ba ya yada zango in da hali, tashi da hawa sama ne ke zuƙe mai. Duba irin jirgin, sababbi kamar A320neo da 787 sun fi tsofaffin tsimi, kuma kujerar manya ta fi cin waje don haka kasonta na hayaƙi ya fi yawa. In gajeriyar tafiya ce duba jirgin ƙasa, Faransa ma a 2023 ta hana wasu jiragen cikin gida inda jirgin ƙasa zai kai ka cikin ƙasa da awa 2 da rabi. Akwatin nan na biyan diyyar hayaƙi da ke fitowa wajen sayen tikiti kuwa, kar ka danna sai ka ga sunan aikin da kuɗin zai tafi da wanda ya tantance shi.