Yadda Ake Gwada Lensi Mai Faɗin Gani Kafin a Biya Kuɗi

Duk mai ɗaukar hoton biki a Kaduna ya san inda lensin milimita 24 yake gazawa. Amarya tana falon gidansu a Tudun Wada, ƙawaye sun cika ɗaki da anko, gwaggo ta ce sai kowa ya fito a hoto, kai kuma bayanka ya riga ya manne da bango. Abin da kake bukata a nan shi ne lensi mai faɗin gani, daga milimita 20 zuwa ƙasa. Kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma abin da ya bambanta wani da wani ba a rubuce yake a kwali ba. Yana can a kusurwoyin hoto, inda allon bayan kyamara ba ya nuna maka da kyau. Ga yadda za ka tono shi tun kuɗinka suna aljihu.

Fara da kyamarar da ke hannunka

Kowane kamfani da bakinsa, wato wurin da lensi yake ɗaurewa a jikin kyamara: Sony na da E, Canon na da RF, Nikon na da Z, Fujifilm na da X, Panasonic da Leica da Sigma kuma sun haɗu a kan L. Lensin da ba na bakinka ba, kome kyaunsa, ba naka ba ne. Masu Sony sun fi kowa zaɓi, don Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox duk sun daɗe suna yi musu. Mai Canon ko Nikon yana iya ɗora tsohon lensin zamanin kyamara mai madubi ta hanyar adafta, EF-EOS R a Canon, FTZ a Nikon, kuma sau da yawa nan sauƙin kuɗi yake, sai dai a sha nauyi.

Sai girman sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, inda ake yawan tafka asara. Lambar da ke jikin lensi tana ba ka cikakken faɗinta ne a kan babbar sensa, mai milimita 36 da 24, irin ta Sony a7 III ko Canon R6 ko Nikon Z6. In taka ƙaramar sensa ce, kamar a6400 ko ZV-E10 ko Z50, ninka lambar da 1.5, in Canon R50 ce, da 1.6. Ka ga kenan milimita 16 a kan a6400 ya koma kamar 24, ka kashe kuɗi ka dawo inda ka baro. Mai ƙaramar sensa ya nemi abin da ya fara daga 10 ko 11: Sigma 10-18mm f/2.8, ko Sony 11mm f/1.8, ko Fujifilm 10-24mm f/4, ko Canon RF-S 10-18mm.

Tantance faɗin da aikinka yake so

A wannan ɓangaren milimita biyu ba ƙaramin abu ba ne. A kan babbar sensa, daga kusurwa zuwa kusurwa, 24 yana ganin digiri 84, 20 yana ganin 94, 16 yana ganin 107, 14 yana ganin 114, 12 kuma ya kai 122. Wanda dillalan gidaje suke kira ya ɗauki ɗakuna da banɗakuna a Barnawa ko Unguwar Rimi zai ji daɗin 14. Mai biki da suna da walima, 16 ta wadatar da shi, kuma zai fi amfana da zum, wato lensin da ake murzawa faɗinsa ya sauya, wanda ya kai 28 ko 35, don da shi zai ɗauki taro ya kuma juya ya ɗauki ango ba tare da ya kwance lensi ba. Ita kuwa 12, a ganina, ta masu sana'ar hoton gine-gine ce. Sauran mutane sha'awa kawai take ba su mako guda.

Daga nan sai ƙofar haske. f/2.8 tana shigar da ninkin hasken da f/4 take shigarwa, kuma ana biyan wannan da kuɗi da kuma wuya. Canon RF 15-35mm f/2.8 giram 840 ne, ƙaninsa RF 14-35mm f/4 kuma 540. Nikon Z 14-24mm f/2.8 giram 650, Z 14-30mm f/4 kuma 485. A gidan Sony, 12-24mm f/2.8 GM ya kusa 850, alhali Tamron 17-28mm f/2.8 na 2019 giram 420 ne kacal, Sigma 16-28mm f/2.8 na 2022 kuma 450. In kana aiki da filashi ko sandar ƙafa uku, f/4 ba za ta ci amanarka ba. In bidiyo kake yi a zauren biki da dare, inda fitilu masu launi kaɗai ke ci, kada ka sauka daga f/2.8.

Dubi goshinsa

Wannan shi ne abin da masu sharhi na Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa dole. Wasu lensin gabansu a shafe yake, da zaren da ake murɗa filta: Tamron 17-28 na ɗaukar milimita 67, Sigma 16-28 na ɗaukar 72, Canon 14-35 na ɗaukar 77, Nikon 14-30 na ɗaukar 82. Wasu kuma gilashin gabansu ya turo waje kamar bayan ƙwarya, irin su Sigma 14-24mm f/2.8 Art da Sony 12-24mm da Sony 14mm f/1.8, ba inda za ka murɗa komai a gaba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya rufe gari, ka yi minti goma a titin Ahmadu Bello ka duba gilashin. Ƙurar hunturu laushi gare ta a ido, amma in ka goge ta a bushe da gefen riga, karce take bari. Filtar kariya in ta lalace ka sake wata. Gilashin gaba in ya lalace sai dai haƙuri. Mai bidiyo kuma yana da dalili na biyu: da rana tsaka yana bukatar filta mai rage haske don shota, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe wa haske, ta tsaya a 1/50 na daƙiƙa, kuma a kan lensi mai turarren goshi wannan sai da dabara da ƙarin kuɗi.

Bincike a gaban mai shago

Galibinmu na hannu muke saye, ko a nan gari ko a turo daga Ikeja. Je da kyamararka da katinka, kada ka yarda a gwada maka a kan tasu. Cire murfin gaba da na baya, kunna tocilan waya, haska ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane zum yana da ita. Abin gudu shi ne farin abu mai rassa kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce ta damina, tana ci gaba da yaɗuwa. Haka ma dusashewa kamar an hura wa gilashi numfashi. Murza zoben zum daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Duba ƙusoshin baya: in kawunansu sun ci, an taɓa buɗe shi. Duba zaren filta ko ya lotsa, don lotsewa shaidar faɗuwa ce, lensin da ya faɗi kuwa gilasansa kan goce daga saiti.

Gwajin kusurwa huɗu

Nan ne asirin yake tonuwa, don haka kada ka yi gaggawa. Nemi abu mai nisa mai ƙananan layuka, kamar eriyar kamfanin waya ko tankin ruwa ko hasumiyar masallaci. Ka kiyayi juya kyamara wajen bariki ko ginin gwamnati. Garin nan cike yake da su, kuma bayanin cewa gwaji kake yi ba lallai ya karɓu ba. Da safe ya fi, kafin zafi ya fara sa iska rawa, kuma ba ranar da hazo ya yi kauri ba.

Sa kyamara a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ba a gyara ba, ISO (ma'aunin jin hasken sensa) 100, zum a ƙarshen faɗinsa, ƙofar haske a buɗe duka. Yi fokas a kan abin yana tsakiya, sannan ka mayar da fokas na hannu don kada ya motsa. Ɗauki ɗaya. Yanzu juya kyamara har abin ya koma kusurwar sama ta dama, ɗauka. Sama ta hagu, ɗauka. Haka ƙasa biyun. Faɗaɗa kowane hoto har ƙarshe ka jera su. Ba ana neman kusurwa ta kai tsakiya kaifi ba ne, babu lensin da ke haka a buɗe. Ana neman huɗun su yi kama da juna. In uku sun fito ɗaya ta narke, gilashi ya goce, kuma rufe ƙofar haske ba ya warkar da shi gaba ɗaya. Ajiye shi, ko da mai shago ya rantse daga kwali ya fito, don sabo ma yakan zo da wannan.

In ya tsallake, maimaita a f/5.6 da f/8, sannan a ɗaya ƙarshen zum ɗin. Lensi biyu da kake kwatantawa, ka yi musu daga wuri ɗaya, a haske ɗaya, a lamba ɗaya. Yawancinsu a f/8 kusan kunnen doki suke yi. Kuɗin da ake ƙarawa na masu tsada, na abin da suke yi a f/2.8 ne. In aikinka duk a f/8 yake, ka san abin da ba sai ka biya ba.

Layuka da duhun gefe

Tsaya daidai gaban bangon bulo ko ƙofar shago mai layi-layi, kyamara a miƙe, ba sama ba ƙasa. Layukan gefe za su so su yi ciki waje. Lensin zamani da dama an ƙera su ne da niyyar kyamara ta gyara wannan da kanta. Canon RF 16mm f/2.8, ɗan ƙaramin nan mai giram 165, misali ne: buɗe RAW ɗinsa ba gyara, za ka ga layuka sun lanƙwashe, kusurwoyi sun yi baƙi. Ba aibi ba ne a kan kansa, da shi aka samu sauƙin nauyi da na kuɗi. Amma gyaran yana jan kusurwa ya miƙar, yana kuma ƙara mata haske na dole, sai ta rasa kaifi ta yi tsakuwa-tsakuwa in ISO ya hau. Saboda haka ka duba hoton bayan gyara, a ISO 3200, don a nan za ka rayu a zauren biki. Ka kuma tabbatar manhajar da kake aiki da ita, Lightroom ce ko wata, ta san lensin.

Kada ka ɗora wa lensi laifin da ba nasa ba. In ka ɗaga kyamara sama gaban Masallacin Sultan Bello ka ga hasumiyoyi suna karkatowa ciki, hannunka ne, kowane lensi haka zai yi.

Sa mutum a gefe

Wannan gwajin ba ya cikin sharhin intanet sosai, amma abin da yake tonawa shi ne yake hana ka cikon kuɗin aiki. Roƙi yaron shago ya tsaya a tsakiya, mita biyu daga gare ka, ɗauka. Sai ya koma can ƙarshen hoto, ɗauka a 14, a 16, a 20. Za ka ga kansa ya baje, kafaɗarsa ta yi faɗi, hularsa ta miƙe gefe. Duk lensin da ke miƙar da layuka haka yake yi wa abu mai zagaye a gefe, mai tsada da mai araha, kuma gyaran cikin kyamara ba ya cire shi. Abin da kake nema shi ne lambar da abin ya fara zama abin kunya. Ga yawancin idanu, ƙasa da 18 fuskar gefe ta fara sauya kama. Hajiyar da ta biya kuɗin kwalliya ba za ta saurari bayanin digiri ba in ta ga kanta a gefen hoto ta ninku. Maganin a aikace: tara mutane a tsakiya, bar gefe ga bango da labule, riƙe kyamara daidai ƙirji, sannan ka yanke gefen daga baya. Wanda ya yi wannan gwajin da idonsa, sau da yawa yakan fasa 12 ya koma 16.

Rana, dare, bidiyo

Lensi mai ganin digiri 107 da wuya rana ba ta shiga hotonsa ba. Da la'asar, je bakin kogi wajen Gamji, sa rana a kusurwa, sannan ka matsar da ita dab da wajen hoto. Duba ko koren ɗigo da baka-baka sun watsu, ko kuma duk hoton ya yi fari-fari. Tsofaffin lensi da masu araha a nan suke faɗuwa, kuma fitilar zauren biki haka za ta yi musu. In da filta a gaba, gwada da ita da kuma babu ita, don filta mai arha ita ma tana haifar da nata.

Da dare, ɗauki fitilun nesa a buɗe, ka duba na kusurwa ko sun fito da fukafukai maimakon ɗigo. Mai son hoton taurari kaɗai wannan ya dama, shi ne ke neman irin Sony 14mm f/1.8 ko Viltrox 16mm f/1.8.

Mai bidiyo ya ƙara biyu. Ja fokas daga kusa zuwa nesa ka ga ko hoton yana buɗewa yana tsukewa. Sannan ka duba ko lensin yana tsawo in an murza zum; Tamron 17-28 da Sigma 16-28 ba sa yi, shi ya sa ba sa ɓata saitin gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara rawa, ba sa kuma zuƙar ƙura sosai.

Hukunci a kan kwamfuta

Kada ka yanke shawara a allon kyamara, komai kyau yake yi a can. Ka yi ciniki, ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni zuwa gobe in duba a kwamfuta, in da matsala in dawo da shi." Ku rubuta wannan a rasit tare da lambar da ke jikin lensin. In daga Legas za a turo, ka nemi a yi maka gwajin kusurwa huɗun nan a aiko da ainihin fayil ɗin, ba ta WhatsApp a matsayin hoto ba, don yana matse shi ya ɓoye abin da kake nema. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, nemi wani.