Yadda za ka gano mai gidan rediyo ko jaridar da kake bi, da abin da yake nema wajen gwamnati

Mu nan Damagaram rediyo muke ji, a fada ne ana jiran shayi ko cikin Kasuwar Dole ko bisa kabu-kabu, yanzu kuma WhatsApp ya zo ya ƙara mana ruwa. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi wa ke biyan albashin wannan mai daɗin muryar da ke karanta labarai, alhali duk maganar nan take. To ga yadda ake bin sawun abin, ba sai ka yi karatun jarida ba.

Ka fara da suna. Jarida ta takarda tana da ɗan akwati, galibi a shafi na biyu ko na ƙarshe, inda ake sa sunan daraktan da ke ɗaukar alhakin abin da aka buga da kamfanin da ke bugawa. Rediyo da tele su ma kamfani ne, kuma kamfani a Nijar sai da rajistar kasuwanci ta RCCM. Sai dai kada sunan darakta ya ruɗe ka, sau da yawa shi ma ma'aikaci ne, mai kuɗin yana can baya ko ya sa ƙanensa ko surukinsa a takarda. A gari irin namu wannan ba ya ɓoyuwa, ka tambayi gidan wa suke haya, wa ya sayo janareto, wa ake kira in albashi ya makara.

In ka samu mutumin sai babbar tambaya, wace sana'a yake yi banda wannan? Nan ne nake so mu daɗe, don gidan labarai ba kasafai yake kawo riba ba, wutar Nigelec kaɗai ta isa ta cinye kuɗin talla, to mutumin da ya san lissafi ya je ya sayi abin da ke cin kuɗi, lalle akwai abin da yake saye wanda ba a rubuta a takardar ciniki ba. Ku dubi Vincent Bolloré na Faransa, mu ai mun san sunan, kamfaninsa ne ya shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, wanda jirgi bai taɓa yin jigilar yau da kullum a kai ba. Shekaru da dama harkarsa tashoshin jiragen ruwa ne a Afirka, kwangilar da sai shugaban ƙasa ya yarda ake samu, kafin ya sayar da wannan ɓangaren ga kamfanin jiragen ruwa na MSC a 2022. Shi ɗin ne kuma ya kama ragamar Canal+ a 2015, wannan dai Canal ɗin da muke biyan kuɗin wata don kallon ƙwallo. To in mai tashar yana neman kwangila wajen shugaba, kana ganin tashar za ta bankaɗo shugaban? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. A Najeriya ma haka, MKO Abiola ya kafa jaridar Concord a 1980 yana ɗan kasuwa ɗan siyasa, a 1993 ya tsaya takarar shugaban ƙasa.

In kuma ka ji an sayi wani gida, sabon maigida zai fito ya ce ba zai sa baki a aikin 'yan jarida ba, dukansu haka suke cewa. Kar ka tsaya kan jawabin, ka lura da waɗanda suka tattara kayansu cikin wata shida na farko. A tashar iTélé ta Faransa, wadda ke ƙarƙashin Canal+ ɗin Bolloré, 'yan jarida sun yi yajin aiki na kwana 31 a 2016, yawancinsu suka bar gidan, a 2017 aka sauya mata suna ta koma CNews da wata irin murya dabam. A 2023 ma'aikatan jaridar JDD ta Faransa sun yi kwana 40 suna yaji don ƙin sabon editan da aka ɗora musu, ƙarshe dai shi ya zauna su suka fita. A wurinmu alamar ita ce shirin kiran waya da jama'a ke zazzage ciki ya koma minti 15, ko a mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko mai gabatarwar nan mai tambaya ba tsoro a ce an ba shi shirin wasanni.

Sai abin da na fi ganin amfaninsa, ka saurari abin da ba a faɗa ba. Ƙarya ana kama ta, shiru ne ke da wuyar kamu. Ka ɗauki magana ɗaya da kowa ya sani a gari, ƙarancin ruwan pampo lokacin zafi misali, wanda mu mutanen Zinder ba sai an ba mu labari ba, ko kuɗin mai alhali matatar SORAZ na nan kusa da mu tun 2011, ka bi ta sati guda a tashoshi uku, Muryar Sahel ta gwamnati da wata mai zaman kanta irin su Anfani da wata ta waje. Wa ya sa ta farko, wa ya tura ta ƙarshe, wa aka ba makirfo, mai tulu ko mai ofis. Jeff Bezos mai Amazon ya sayi jaridar Washington Post a 2013 kan dala miliyan 250, a Oktoban 2024 ana dab da zaɓen Amurka aka hana jaridar fitar da goyon bayan da ta shirya wa 'yar takara Kamala Harris, ba ƙarya ta yi ba, shiru kawai ta yi, mutum sama da dubu 200 suka janye kuɗinsu.

Talla kuma ka ƙirga ta, kamfanin waya ne ko ma'aikatar gwamnati ko wata ONG ke cika tashar, wanda ya fi sanarwa shi ne maigida na biyu. Rahoton da aka biya a yi, in ba a faɗa an biya ba, za ka gane shi da yawan godiya da jero sunayen manya.

Game da yadda jarida ke juya gwamnati, ka sa ido lokacin da mai gidan ke buƙatar sa hannun hukuma. Attajiri Rupert Murdoch ya sayi jaridar The Sun ta Birtaniya a 1969, a 1981 ya nemi jaridar The Times, ya gana da firaminista Margaret Thatcher a asirce, gwamnatinta ba ta tura cinikin gaban hukumar hana babakere ba, kuma sai a 2012 takardun ganawar suka fito. A 1995 Tony Blair yana madugun adawa ya tashi takanas har Ostareliya don ya yi jawabi a taron kamfanin Murdoch, a 1997 The Sun ta juya ta mara masa baya. Na Italiya shi bai tsaya roƙo ba, Berlusconi da tashoshinsa uku ya zama firaminista da kansa a 1994.

Amma fa kar mu kwafo lissafin Turai gaba ɗaya, a nan sau da yawa hukuma ce ta fi ƙarfin mai gidan, lasisi da haraji da talla duk suna hannunta. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC wata uku a Disamban 2024, Maison de la Presse, uwar ƙungiyoyin 'yan jarida, ita ma an dakatar da ita a Janairun 2024. Su na wajen ma ka yi musu tambaya iri ɗaya, RFI kuɗin gwamnatin Faransa ne, DW na Jamus. Shafukan Facebook masu sunan gari da ba a san mai su ba kuwa, ka shiga bayanin shafin, akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka, manyan shafuka har da ƙasar da masu riƙe da shi suke, ka duba wannan kafin ka tura wa gurup ɗin dangi.