Mai son shiga aikin CSR daga nan Kaduna, ga ta inda ake bi

Da azumi ya kama ko Kirsimeti ta matso zakaga hotuna sun cika Facebook, ma'aikatan banki ko na kamfanin waya sun sa riga iri ɗaya suna miƙa buhunan shinkafa a gidan marayu, sai matasa su dinga tambaya wai ta ina ake samun wannan aikin, ga lada ga albashi. Toh bari in rage maka zumuɗi tun yanzu ƙanina, ranar rabon nan ce kaɗai ranar da aikin yake da kyan hoto. Sauran ranakun ko dai kana gaban kwamfuta kana fama da lissafi, ko kana kan tabarmar mai unguwa ana zazzage maka faɗa akan ƙurar da tirelolin kamfaninku suke tayarwa ko ruwan dattin da ya shiga gonakin mutane. CSR dai shi ne kula da haƙƙin da jama'a da muhalli suke da shi akan kamfani, kai kuma kai ne wanda aka ajiye a tsakani, kamfani na ganinka ɗan gari, gari na ganinka ɗan kamfani.

Fara da gane dalilin da yasa kamfani zai biya mutum albashi akan wannan, don ba tausayi bane kawai. Dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin akan abin da zai yi musu. Dokar man fetur ta 2021, wato PIA, ta wajabta wa kamfanonin da suke haƙo mai su zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun raya garuruwan da suke aiki. Babban Banki tun 2012 ya fitar da ƙa'idoji 9 da bankuna zasu bi wajen duba illar bashin da suke bayarwa ga mutane da muhalli. Sannan ga hukumar FRC, mai kula da ƙa'idojin rahoton kuɗi na kamfanoni a Najeriya, ta tsara cewa daga 2028 manyan kamfanoni zasu riƙa fitar da rahoton ɗorewa, wato bayanin yadda harkarsu take shafar muhalli da jama'a da yadda su ma suke shafarta, bisa ma'aunin duniya na IFRS S1 da S2 dole ba ganin dama ba. Wasu kuma su suka ɗora wa kansu, kamar MTN da take ware har kashi 1 na ribarta bayan haraji ga gidauniyarta. Kaga kenan wanda ake nema ba mai kirkin zuciya bane kawai, masu kirki ai sun yi yawa a gari, ana neman wanda zai iya cewa ga abin da aka kashe, ga mutanen da suka amfana, ga shaida, kuma in mai binciken kuɗi ya zo ba za a ji kunya ba.

Gaskiyar da ba kowa zai faɗa maka ba ita ce manyan kujerun aikin suna Legas da Abuja, can hedikwatoci suke, can ake yanke kasafi. Amma aikin da kansa a ƙasa ake yinsa, kuma nan ne ɗan Kaduna yake da abin da mutumin Ikoyi ba shi da shi. Duba kewayenka. Ga masana'antun Kakuri da Kudenda, ga matatar mai tun 1980, ga masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, ga tashar tsandauri ta Kakuri ta 2018, ga gonar shanun madara ta Arla a Damau cikin ƙaramar hukumar Kubau ta 2023, ga bututun gas na AKK, wato daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, da ya ratso jihar, ga aikin titi da na layin dogo zuwa Kano. Duk irin waɗannan wurare ba yadda zasu yi sai sun yi hulɗa da manoma da makiyaya da masu filaye. Ban ce maka suna ɗaukar ma'aikata yau ba fa, ina nuna maka inda buƙatar take ne.

Kuma in kana jiran ka ga talla an rubuta CSR ɓaro-ɓaro zaka daɗe kana jira. A LinkedIn ko Jobberman ko MyJobMag ka dinga neman community liaison officer, wanda ake cewa CLO, ko social safeguards, ko M&E wato bin diddigin aiki da auna sakamakonsa, ko sustainability, ko corporate affairs. Da yawa aikin kwantiragi ne na wata shida ko shekara, wani lokacin ma ba kamfanin ne zai ɗauke ka kai tsaye ba, wani kamfanin kwansoltan ne da aka ba aikin nazarin tasirin muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992 kafin a fara manyan ayyuka. Kar ka raina. Haka ayyukan Bankin Duniya da ake yi a jihar irin su AGILE na karatun 'yan mata da ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa, da ƙungiyoyin sa kai, duk makaranta ce, don abin da ake koya a can na karɓar koke da bin diddigin aiki shi ne dai abin da kamfani zai biya ka akai gobe.

Maganar digiri ba zan ja ta ba. Babu wani kwas guda da aka ce sai shi. Wanda ya karanta aikin jarida, ko nazarin halayyar jama'a, ko labarin ƙasa, ko kula da muhalli, ko malamin gona, ko akanta, ko lauya, daga ABU ne ko KASU ko Kadpoly, duk akwai ƙofarsa. Ɗan akanta ma yanzu ya fi kowa sa'a saboda rahotannin nan da suke tafe. In ɓangaren hulɗa da jama'a kake so ka yi rajista da NIPR, cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta ƙasa, suna da reshe a jiha.

Abin da zaka koya da kanka ya fi takardar muhimmanci. Excel sosai, ba wai buɗewa da rufewa ba, ka iya tace bayanai ka fitar da jadawali. KoboToolbox, manhaja ce kyauta ta tattara bayanai da waya kuma tana aiki ko ba netwok, wuni biyu a YouTube ya isa ka iya haɗa fom. Rubuta rahoto da Turanci mai tsafta gajere, wannan ba makawa, don wanda zai sa hannu a kuɗin ba ya jin Hausa galibi. Sai ka sauke ma'aunan GRI, waɗanda kamfanoni suke bi wajen rubuta rahoton ɗorewa, kyauta ne a shafinsu, ka ɗauko rahoton ɗorewa na wani banki ko kamfanin siminti ka ajiye su gefe da gefe ka ga yadda ake cike su. Muradun nan 17 na ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ka san su dai yadda in an ambaci na shida ka san ruwa ne, amma kar ka ɓata wata guda kana haddarsu. Wanda nake ganin ya fi amfani a wurinmu shi ne ma'aunai 8 na IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, musamman na biyar da yake magana akan karɓar filaye da biyan diyya da tada mutane, don rabin rigimar kamfani da gari akan ƙasa ce. Sannan a kula da masu sayar da satifiket a WhatsApp, wani zai ce ka biya ya ba ka shaidar ISO 26000, alhali shi ISO 26000 ɗin jagora ne kawai akan haƙƙin jama'a da muhalli, ko kamfani ba a ba shi shaida akansa.

Toh yanzu ga matsalar kowa, ana ce maka sai kana da gogewa kai kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarka. Ga abin da zan ce ka yi, kuma kuɗin data da na Keke kawai zai ci. Zaɓi unguwa ɗaya, Rigasa ce ko Hayin Banki ko Unguwan Romi ko Mararraban Rido, ka bi ka ƙirga duk bohol da famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa wa allo cewa wane ne ya bada gudummawa. Kowanne ka cike fom a wayarka, wa ya haƙa, wace shekara, yana kawo ruwa ko ya mutu, in ya mutu me ya lalace, sumo ne ya ƙone ko an sace farantin sola ko tanki ne ya fashe ko tun farko ba a haƙa da zurfi ba rani na yi ya ƙafe, makulli a hannun wa yake, akwai kwamiti, ana karɓar wani abu akan jarka don gyara ko kyauta ne. Ɗauki hoto, ɗauki lambar wurin a taswira, ka tsaya ka yi magana da matan da suke layi da 'yan garuwa don su suka san gaskiyar famfon ba wanda sunansa yake jikin allo ba. Zaka ga wani allon fes da fenti da tambarin mai bayarwa, bakin famfon kuma ya yi tsatsa awaki na kwance a gindinsa. In ka gama ka rubuta shafi uku, ga adadin da na gani, ga masu aiki, ga dalilan mutuwar sauran, ga abin da zai ci a gyara idan ka tambayi mai gyara, ka sa a LinkedIn ka kuma kai wa mai unguwa kwafi. Wannan takardar wallahi ta fi satifiket biyar a gaban mai intabiyu, don ta nuna ka iya shiga cikin mutane, ka iya ƙirga, ka iya rubutu, kuma ka gane cewa bayarwa daban ɗorewa daban. In kana bautar ƙasa ne ma ka maida shi aikin CDS naka na kanka, wato aikin raya al'umma na 'yan bautar ƙasa, ka samu takardar shaida a kai.

Sai zama da jama'a, wanda shi ne zuciyar aikin kuma ba a koyar da shi a aji. Ba a faɗa wa gari kai tsaye, ka fara gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci, shi kuma da masu unguwa, ka cire takalmi inda ake cirewa ka ce ranka ya daɗe ka jira a ba ka dama. Amma kar ka ɗauka in ka ga sarakuna ka ga gari. Taron fada maza ne manya, matan da zasu ɗebi ruwan ba su nan, makiyayan da aka toshe wa burtali ba su nan, matasan da zasu tare get ɗin kamfani ranar da abu ya ɓaci suna can baya suna kallonka. Kowanne sai ka nemi zama da shi daban, kuma anan ne 'yan uwa mata suke da babbar dama a aikin nan, ƙanwata ke zaki shiga cikin gida ki ji abin da namiji ba zai taɓa ji ba, kamfanoni kuma sun san haka. Sannan Kaduna ce fa, ba sai na yi dogon bayani ba. In ka gaida liman ka gaida fasto, in aiki ya faɗa tsallaken kogi ɗaya ka san za a tambaye ka ɗayan, in kana yankin Chikun ka san Gbagyi ne masu ƙasa ko da Hausa kuke magana da su, ka koyi ko gaisuwa ce da harshensu.

Bakinka kuma ka riƙe shi. Za a roƙe ka aiki wa yara, za a roƙi taransifoma, za a roƙi kwalbati, in ka kuskura ka ce za a yi insha Allah don a rabu lafiya, su sun rubuta cewa kamfani ya yi alkawari, kuma alkawari kaya ne, kai zaka ɗauka ba manajan da yake Legas ba. Ka ce na ji, na rubuta, zan kai, ranar kaza zan dawo da amsa, kuma ka dawo ko da amsar a'a ce. Ka ajiye littafin koke, sunan mai koke da rana da abin da ya ce da wanda aka miƙa wa da ranar da aka warware, in wanda ya kawo koken baya son a sa sunansa ka bar shi. Ranar da rigima ta tashi wannan littafin ne zai cece ka.

Akwai kuma abin da ya kamata ka yanke wa kanka hukunci akai tun kafin ka shiga. 'Yan uwa da abokai zasu ɗauka kwangila tana hannunka, ɗan kwangila zai zo da ambulan don ka sa hannu an gama aikin da bai gama ba, sa hannunka ɗaya ya isa ya kashe maka suna a harkar gaba ɗaya don masu yinta ba su da yawa kuma sun san juna. Wani kamfanin kuma so yake ya gurɓata rafi ya raba littattafan rubutu a firamare ya ɗauki hoto, kai ne zaka tsaya a hoton. Ni a ganina kafin ka karɓi aiki ka tambaya wa zaka dinga kai wa rahoto, in sashen talla ne kawai ka san hoto ake so, in kuma kana da hanyar da koken gari zai kai ga masu gudanar da masana'antar toh da sauran magana. Akwai ma wanda ba zai iya aiki da kamfanin giya ko na taba ba ko nawa za a biya, wannan tsakaninka da zuciyarka ne, kawai ka sani tun kafin ka tura takarda.

A CV kar ka rubuta kana son taimakon al'umma, kowa haka yake rubutawa. Rubuta abin da ka yi da adadinsa, gidaje nawa ka shiga, fom nawa ka cike, da wace manhaja, wane harshe kake ji. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na intabiyu ɗan damfara ne, toshe shi. In lokacin baje kolin kasuwar duniya ya zo a hanyar Zariya wajen Rigachikun ka buga rahoton bohol ɗin nan kwafi goma ka bi rumfunan kamfanoni, kar ka ce kana neman aiki, ka tambaya waye yake kula da hulɗarsu da al'umma a Kaduna, ka nemi imel ɗin ofis, ka bar kwafi ɗaya, bayan kwana uku ka tura saƙo gajere kana tuna musu inda kuka haɗu.