Yadda Ake Shirya Babban Yaƙin Sahara a Kan Tebur Uku

Wasan yaƙi da ƴan ƙananan gumakan sojoji a kan tebur ɗaya ba shi da wata wahala: mutum biyu, tef ɗin awo, ƴaƴan ludo, shi ke nan. Rigimar tana farawa ne ranar da aka ce mutum goma sha biyu za su buga yaƙi ɗaya a kan tebur uku. Abin da ya fi ɓata irin wannan taro shi ne kowane tebur ya kama gabansa, har a tashi ba wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya yi.

Ga mutanen Damagaram, ba sai an je nesa neman labari ba. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawsan da mayaƙansa na Abzinawa sun yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas, kuma daga nan Zinder rundunar ɗauki ta tashi, tafiyar kusan kilomita 450 ta ƙasar Damargu. Labarin da kansa ya rabu uku. Tebur na farko Agadas da barikinta. Na biyu hanyar ɗauki, da rijiya guda kamar ta Adarbisanat a tsakiya. Na uku ayarin raƙuma mai ɗauke da guzuri da harsasai, wanda kowane ɓangare ke kwaɗayi.

Kowane tebur ya zama santimita 180 a tsawo, 120 a faɗi. Kada a ƙara faɗin, don hannun mutum ba ya wuce santimita 60 zuwa 70 ba tare da hannun rigarsa ya share rundunar wani ba. A bar ratar mita ɗaya da rabi tsakanin tebura. Gumakan roba na awon 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsayin mutum, sun fi dacewa, ga araha ga rashin cin wuri. Kowane ɗan wasa ya riƙe ƙungiya huɗu zuwa biyar, ba ƙari; wanda aka ba goma shi zai tsayar da kowa yana jiransa.

Agogo ɗaya ne ga tebura duka. Babban alƙali, wanda ba ya wasa, shi ke riƙe da shi: minti 20 ga kowane zagaye, ya buga ƙararrawa, kowa ya ɗauke hannu ko ya gama ko bai gama ba. Ƙungiyar da ba a motsa ba ta kwana inda take. Da farko za a yi gunaguni, amma in aka sassauta, teburin ayari da ke da ƴan gumaka kaɗan zai kai zagaye na shida alhali na Agadas yana fama da na uku, sai ɗaukin da aka aiko ya iso tun kafin a aike shi. Zagaye takwas sun isa yini: huɗu kafin azahar, huɗu bayanta, a tashi kafin la'asar ta ƙure. A ware awa guda da safe don jera kaya kawai.

Sai hanyar da ta haɗa teburan, wadda a nan ne wasan yake da daɗi. A manna tef mai launi a bakin kowane tebur inda hanya ta fita. Ƙungiyar da ta fice ta nan, a ɗora ta a faranti a gaban alƙali tare da takarda mai lambar zagayen da za ta bayyana: zagaye ɗaya ga mahaya raƙuma, biyu ga ƴan ƙasa, wato masu tafiya da ƙafa. Ba a magana tsakanin tebura. Mai neman taimako ya rubuta, alƙali ya miƙa bayan zagaye ɗaya. In ana so a ƙara gishiri, a jefa ɗan ludo, in ya faɗi a kan ɗaya, ɗan aike ya ɓata a hanya, kuma ba za a gaya wa mai saƙon ba.

A sahara ruwa ne ke cin yaƙi, don haka maki ya rataya a kan rijiya da guzuri, ba a kan yawan waɗanda aka kashe ba. Ƙwallon dabino ya isa ma'auni. Kowace ƙungiya ta fara da uku a gefenta. Ƴan ƙasa su ajiye ɗaya duk zagaye, masu raƙuma ɗaya duk zagaye biyu. Wanda ya kai cikin santimita 10 na rijiya ya cika nasa. Wanda nasa ya ƙare, tafiyarsa ta ragu da rabi. Ba tare da wannan doka ba, mai igwa zai zauna a kusurwa yana harbi har yamma, ba abin da zai tashe shi.

Fili ma yana da nasa tarko. Mutane suna ɗauka sahara shimfiɗa ce, sai su bar tebur fayau, bindiga ta share mahaya kafin su matso. A sa tudun rairayi huɗu ko biyar a kowane tebur, tsayinsu ya fi na gunkin raƙumi, da ƙoramar da ta ƙafe, da tsibin duwatsu. Tsakuwar da ke zube a gindin manyan duwatsun unguwar Birni ta Zinder ta wadatar. Tudun kuwa a yanka shi daga farin soson da ake tokare firji a kwali, gangarensa ya kwanta sosai don gumaka su tsaya. A shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a barbaɗa tankaɗaɗɗen rairayi, ya kwana, a sake shafa gam a kai. Fentin fesawa da gam mai warin fetur suna narkar da soson nan take, sai dai fentin ruwa. Kada a zuba rairayi haka nan a tebur: fanka na tashi, sai idanun mutane. Haka kuma kwalin gumakan roba kada ya yini a mota cikin zafin Afrilu, bindigoginsu lanƙwashewa suke yi.

Bitar yaƙin tun ana cikinsa take farawa. Duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, mutum ɗaya ya hau kujera ya ɗauki hoton kowane tebur daga wuri guda, alƙali kuma ya rubuta layi biyu: wa ke riƙe da rijiya, wa ke kan hanya. Bayan an kwashe kaya, a zauna kan shayi a jera hotunan tebura uku zagaye-zagaye. A duba a wane zagaye ne sakamakon ya tabbata. In tun na uku ne, ɓangare ɗaya ya yi ƙarfi da yawa. In ba ƙungiyar da ta taɓa ƙetarawa zuwa wani tebur, hanyar ta yi tsawo ko ladanta ya yi kaɗan. In ɗan wasa ya yi zagaye biyu bai taɓa ɗan ludo ba, a matso da rundunarsa gaba a karo na gaba. Doka ɗaya tak za a sauya kafin a sake bugawa, kuma ɓangarorin su yi musayar wuri, waɗanda suka riƙe barikin Agadas su koma kan raƙuma.