Yadda Mace Za Ta Yi wa Kanta Tausar Ƙirji

Wani ciwon da mace ke ji a ƙirji ba daga nonon yake tasowa ba, daga tsokar da ke ƙarƙashinsa ne da siririn tantanin da ya lulluɓe ta, wanda yakan ɗaure saboda goyo, ɗaukar kaya ko yawan sunkuyo.

Bayan wanka da ruwan ɗumi, ki kwanta rigingine, ki ɗora yatsun hannun dama a ƙasan ƙashin wuya na hagu. Kada ki shafa mai tukuna, domin ana so yatsun su riƙe fata. Ki danna kaɗan, ki ja fatar zuwa kafaɗa har ki ji ta tsaya, sannan ki riƙe kamar minti ɗaya da rabi kina numfashi a hankali, har wurin ya saki da kansa. Ki maimaita a ɗaya ɓangaren.

Shi nonon kuwa shafa kawai yake so, ba murza ba. Ki ɗan lakato man kaɗanya, ki shafa da tafin hannu zuwa hammata, inda kaluluwa take fitowa. Mai shayarwa ta ƙara kiyayewa, domin matsa kumburarren nono da ƙarfi ƙara kumburin yake yi.

Tausa ba ta hana kansar nono, ba ta kuma warkar da ita. Idan kika ji ƙulli, ko fata ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ki daina tausar, ki je asibiti ba tare da jinkiri ba.