Darasi na 7: Doka da Masu Gurɓata Muhalli

Mutane da yawa sun ɗauka zubar da shara a kwata ƙazanta ce kawai, maƙwabci ya yi faɗa a wuce wurin. To, a idon hukuma laifi ne. Ana iya gurfanar da mutum gaban alƙali a ci shi tara, ko a garƙame masa wurin sana'a, idan abin ya yi muni har a ɗaure shi. Dattawa za su tuna zamanin duba-gari, da yake shiga gida ya leƙa randa da masai, in ya ga ƙazanta sai sammaci.

Dokokin yanzu sun yi ƙarfi ne bayan abin da ya faru a 1988. A shekarar aka gano cewa an yi ta kawo durom-durom na dattin masana'antu mai guba daga Italiya, fiye da tan 3,000, ana jibgewa a filin wani mutum a garin Koko, wanda ke jihar Delta a yau. Duromomin suka fara yoyo, ma'aikatan da suka kwashe su suka yi ta rashin lafiya. Gwamnatin Janar Babangida ta sa aka mayar da kayan, ta kuma kafa doka mai lamba 42, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da irin wannan guba ko ya zubar da ita a ƙasar nan. A 1992 aka ƙara wata dokar: ba a fara babban aiki kamar masana'anta ko madatsar ruwa sai an binciki illar da zai yi wa jama'a da ƙasa.

Hukumar tarayya da ke tabbatar da ana bin waɗannan dokoki ita ce NESREA, an kafa ta a 2007. A jihar Kaduna kuma akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, kuma ita ce talaka ya fi haɗuwa da jami'anta.

Mu ɗauki misalin bakanike. Ya kwance noti a ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye cikin yankakkiyar jarka, yaron gareji ya ɗauka ya kwarara a kwata. Da an yi ruwan sama, za ka ga man yana sheƙi a saman ruwan yana gangarawa. Ina ya nufa? Kogin Kaduna, inda ruwan Kakuri da na Tudun Wada da na Unguwar Rimi duk yake ƙarewa. Da ruwan kogin masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo, a cikinsa masunta ke kamun kifi. Bakaniken nan da kansa zai sayi latas ɗin ya kai wa iyalinsa. Da ya tara man a jarka mai murfi, akwai masu zuwa saye. Haka abin yake ga mai rini da mahauci da mai wankin mota. Leda da robar ruwa kuwa su ke toshe kwalbati, damina ta yi ruwa ya shiga ɗakunan mutane.

Yawanci ba a fara da kotu. Jami'i kan ba da takardar gargaɗi mai wa'adi.

"Maigida, ga takarda. A gyara wurin nan kafin ranar da aka rubuta."

"To, ranka ya daɗe. A nuna mini katin aiki, sannan yarona ya karanta mini."

Wannan amsa daidai ce. Karɓi takardar, duba suna da hatimi da kwanan wata, ka adana ta. Kada ka yi cacar baki, domin hana jami'i aikinsa laifi ne na daban. Idan aka ci ka tara, biya ta hanyar da hukuma ta tsara ka karɓi rasit. Kuɗin da aka danƙa a hannu a bayan shago cin hanci ne, kuma gobe wani zai dawo.

Gaskiya doka ta fi saurin cafke mai tura baro a kan mai masana'anta. Shi ya sa ƙorafin baki bai isa ba. Idan hayaƙi ko wari ko ruwan datti ya dame ku, ku ɗauki hoto da waya, ku rubuta rana da wuri, ku je da mai unguwa, ku kai takarda ofishin KEPA, a buga muku hatimi a kwafin da za ku riƙe.

Aikin aji: A wace shekara aka kafa NESREA? Kowa ya rubuta wa mai unguwa wasiƙa mai layi biyar a kan wata kwata ko bola da ke damun unguwarsu, ya sa kwanan wata da sa hannu.