Yadda Ake Gane Ƙoshi da Auna Abinci Bayan Tiyatar Zoben Tumbi

Zoben tumbi roba ce mai laushi ta silikon da likita ke ɗaurawa a can saman tumbi domin rage ƙiba, ƙasa kaɗan da inda hanyar abinci ta haɗu da shi. A cikin zoben akwai 'yar balan-balan, an haɗa ta da siririn bututu zuwa wani ɗan maɓalli da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan maɓalli ake zuba ruwan gishiri da allura a ƙara matsi, ko a zuƙe shi a sassauta. Amurka ta amince da samfurin LAP-BAND a 2001, kuma na baya-bayan nan suna ɗaukar mililita 10 ko 14. Yanzu an rage yin wannan tiyata, yanke ɓangaren tumbi ya fi yawa, amma masu ɗauke da zobe suna nan da dama. Mafi yawan wahalar da suke sha daga abu ɗaya ta samo asali: suna ci suna jiran su ji ciki ya cika dam kamar da.

Abin da zoben ke yi

Ɗan aljihun tumbi da ke saman zoben bai wuce mililita 15 zuwa 30 ba. An daɗe ana cewa abinci taruwa yake yi a cikinsa ya toshe hanya. Binciken tawagar Farfesa Paul O'Brien a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya nuna ba haka zobe mai daidaitaccen matsi ke aiki ba. Kowace loma, hanyar abinci ce ke matsa ta tana tura ta har ta ratsa zoben, wani lokaci sai an matsa sau da yawa, abin ya ɗauki kusan minti ɗaya. Wannan matsi ne ke taɓa jijiyoyin da ke bangon tumbi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa cewa yunwa ta kwanta. Ke nan abin da kake nema shi ne yunwa ta tafi. Idan ka ji nauyi ko tokare a ƙirji, ka riga ka wuce gona da iri, abinci ne ya taru a inda bai kamata ba.

Mataki na 1: Makonnin farko

Ka bi takardar da asibitinka ya ba ka. Yawanci mako biyu ne na ruwa-ruwa, mako biyu na abin da aka markaɗa, sai mai laushi, sannan abinci sosai wajen mako na 4 zuwa na 6, lokacin da ake fara zuba ruwa a zoben. Jin yunwa a wannan tsakani ba alamar tiyata ta lalace ba ce, zoben ne babu komai a cikinsa tukuna.

Mataki na 2: Auna kafin ka zauna

Ma'auni shi ne kusan rabin kofi, wato mililita 125, a kowane zama, sau uku ko ƙasa da haka a rana, ba ciye-ciye a tsakani. Ka nemi kofin awo na gaske, domin ido yana cutar mai shi, musamman idon da ya saba da malmala biyu. Zuba a ƙaramin faranti, ka ɗauki cokalin shayi, ka rufe tukunya ka bar wurinta. Ciyayya a tire ɗaya da iyali ba ta yi maka yanzu, domin ba ka san abin da ka ci ba, kuma saurin hannun wasu zai ja naka. Zauna tare da su, amma da farantinka.

Rabin farantin ko fiye ya zama furotin: kifi, ƙwai, wake da ya dahu luguf, awara, kaza ko naman da ya nuna cikin miya. Ana so ka samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa kusan giram 6 ne, don haka da furotin za ka fara ci. Ganye ya biyo baya. Shinkafa, tuwo ko doya su zo ƙarshe, cokali ɗaya ko biyu, in da sauran wuri.

Mataki na 3: Loma da minti ɗaya

Nan ne aikin yake. Lomar kada ta fi kan babban yatsanka. Tauna ta kamar sau 20, har ta zama ba gudaji ko ɗaya. Haɗiye, ajiye cokalin a kan faranti, ka cire hannu daga kansa, ka jira minti ɗaya cikakke kafin ka sake ɗauka. A makonnin farko ka sa agogo a gabanka, domin minti ɗaya yana da tsawo ga mai abinci a gaba. Bayan minti 20, ka tashi, ko da saura. Wanda ya zauna awa ɗaya yana tsakura zai iya cinye abincin mutum biyu ba tare da zoben ya hana shi ba.

Tuwo yana buƙatar kulawa ta musamman. Yadda muka saba, ana dunƙula loma a tsoma a miyar kuka ko kuɓewa a haɗiye ba tauna, yauƙin miya ya wuce da ita. Ga mai zobe wannan loma tana sauka ne ta tsaya a bakin ƙofa. Sai an gutsura ƙanana an tauna. Sauran masu yawan maƙalewa su ne burodi mai laushi, taliya, busasshiyar shinkafa, kilishi, tsire da ya bushe, naman da aka ɗumama, ɓawon tuffa, zaren lemu da na mangwaro, da gugguru.

Mataki na 4: Sauraren jiki

Bayan kowace loma biyar ko shida, tambayi kanka: har yanzu yunwa nake ji? Idan amsar a'a ce, ka gama. Mutane da yawa suna da ƙaramar alamar da ke zuwa kafin matsala: shaƙuwa guda, 'yar gyatsa, ajiyar zuciya, atishawa, ko hanci ya fara yoyo. Ka lura da taka, domin ta kowa daban ce, kuma da zarar ta zo, lomar da ke cokali ba taka ba ce.

Alamun da ke nuna an makara su ne matsi a tsakiyar ƙirji, ciwon da ke harbawa zuwa kafaɗar hagu ko baya, yawu mai kauri da yauƙi yana cika baki, da dawowar abinci yadda aka haɗiye shi. Idan an auna daidai, rabin kofi ya kamata ya riƙe ka sa'a huɗu ko kusa da haka.

Mataki na 5: Ruwa

Ka sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, kurɓi-kurɓi, tsakanin abinci. Yawancin asibitoci suna cewa kada a sha ana cikin ci, a jira kamar minti 30 bayan an gama. Zobe mai daidaitaccen matsi ba ya tare ruwa, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: lemon kwalba, kunu mai sukari, fura da nono, shayi mai kauri da madara, duk suna wucewa salin-alin da kuzarinsu, ba tare da sun kashe yunwa ba. Masu gas kuma suna kumbura ciki.

Idan loma ta maƙale

Daina ci nan take. Kada ka kora da ruwa, zai ƙara matsi ne ya dawo. Miƙe tsaye, ka ɗan zaga, ka tofar da yawun. Yawanci takan wuce ko ta fito da kanta. Wurin yana kumbura bayan haka, saboda haka ka koma ruwa-ruwa na kwana ɗaya, sannan mai laushi. Amai ba al'adar mai zobe ba ce. Maimaita shi ne ke buɗe aljihun, ya faɗaɗa hanyar abinci, ko ya sa tumbi ya zame ta cikin zoben.

Mataki na 6: Sanin lokacin gyaran matsi

Tawagar O'Brien ta raba yanayin zobe gida uku. Rawaya: kana jin yunwa da wuri, kana cin da yawa, nauyi ba ya sauka, ana buƙatar ƙarin ruwa a zoben. Kore: abinci kaɗan yana isarka, yunwa tana daɗewa ba ta dawo ba, kana rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ja: haɗiya tana wuya, ƙwannafi, tarin dare, dawowar abinci, dole a rage ruwan da ke cikin zoben.

Kada ka ɓoye wa likita alamun ja don kana ganin matsi shi ne rama. Wanda zobensa ya matse fiye da kima yakan guje wa nama da ganye ya koma ga askirim, cakulan da biskit da aka jiƙa a shayi, sai ƙiba ta dawo ga kuma ciwo. Bayan kowane ƙarin ruwa a zoben, ruwa-ruwa na kwana ɗaya, mai laushi na kwana ɗaya. Ka sani kuma matsi yana sauyawa da kansa: ya fi tsanani da safe, da lokacin al'ada ga mata, da lokacin damuwa, wani lokaci bayan tafiya a jirgin sama. Mai azumi ya fara shawara da likitansa, a buɗa baki kuma ya fara da ruwan ɗumi, ya dakata, domin gaggawar wannan lokaci ita ce ke kawo maƙalewa.

Wanda aka yi wa tiyatar a ƙasar waje ya riƙe takardar da ke nuna samfurin zoben da yawan ruwan da ke ciki, ya kuma nemi likitan da zai riƙa duba shi a gida. Maɓallin yana buƙatar allura ta musamman wadda ba ta yanke robarsa, allurar yau da kullum tana iya sa ya fara yoyo.

Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka, idan ruwa ma ya ƙi zama ko ba ka iya haɗiye yawu, idan ciwon ciki ya yi tsanani, idan ka ga jini a amai ko baƙin bayan gida, ko wurin maɓallin ya yi ja ya kumbura da zazzaɓi. Haka kuma idan matsin ya ɓace kwatsam yunwa ta dawo gaba ɗaya, a duba, domin yana iya zama bututu ne ke yoyo ko zoben ya fara cin bangon tumbi.